Kwamfutar Ɗakin Awo

An yi wata malamar asibiti a wani ƙaramin gari, mace mai tausayi da saurin hannu, ita ke yi wa masu juna biyu awo duk ranar Talata. A ɗakin jira akwai kwamfuta da aka kafe a jikin bango. Mace za ta danna lambar katinta, ta ga layinta da ranar da za ta dawo. Wanda ya kafa ta ya sa mata wata manhaja mai buɗe ta da kanta, ko sau goma aka ɗauke wuta aka dawo da ita, za ta farka ta shiga ba sai an sa mata lambar sirri ba. Amma iyakarta wannan shafi ɗaya. Kamar zaure ne, kowa ya shiga ya zauna, cikin gida kuwa sai mai makulli. Makullin yana wurin malamar, wata doguwar lamba mai haruffa a cakuɗe. Da kwamfutar ofishinta ta lalace, sai ta koma yin rubutunta a ta bangon, nan fa wahala ta fara. Da an ɗauke wuta an dawo, kwamfuta ta koma zaure, sai ta cire safar hannu ta danna lambar, ta kuskure, ta sake, ga mata jere a benci da kumburarrun ƙafafu sun zuba mata ido. Rannan ta gaji. Ta shiga cikin manhajar ta sa sunanta da lambarta, don ta riƙa buɗewa kai tsaye har cikin gida. A ranta ta ce, cikin matan nan wa zai tsaya karanta Turancin asibiti? Abin kuwa ya yi daɗi, kafin azahar ta sallami kowa.

Wata Talata malamar tana ciki tana sauraren bugun zuciyar wani ɗan tayi, aka ɗauke wuta aka dawo, kwamfuta ta buɗe a kan jerin sunayen mata da abin da aka rubuta wa kowace. Wata dillaliya da ta rako 'yar ƙanwarta ta tashi za ta danna mata lambar kati. Ta taɓa sakandare kafin aure, karatun bai gudu ba. Ba nema take ba, idonta ne ya faɗa kan sunan da ta sani: matar wani tela, ciki wata uku. Ita wannan baiwar Allah sau biyu tana ɓari bayan labari ya zaga dangi, aka yi ta zuwa jaje. A wannan karon suka yi shawara da mijinta ba wanda zai ji, ko mahaifiyarta, sai cikin ya zauna. Da ta zo awon farko ma abin da ta faɗa ke nan, kanta a sunkuye: "Malama, amana ce." Dillaliya ba ta nufi sharri ba. Kashegari ta ɗaure shawul da 'yan rigunan jarirai a ƙunshinta, ta yi sallama gidan telan, ta tarar da uwar miji da baƙi a tsakar gida. "Barka, Hajiya! Ashe jika na hanya kuka yi mana shiru? To ga shawul, kada wata ta riga ni." Hajiya ba ta san komai ba. Ta juya ta dubi surukarta da ke tsince shinkafa a bakin ɗaki. Da aka tambayi dillaliya inda ta ji, ta ce, "Ji kuma? Gani na yi, a rubuce a bangon asibiti."

Da labarin ya iso asibiti, gyaran bai kai tafasar ruwan shayi ba, malamar ta mayar da kwamfuta zaurenta. Amma Talatar da ta biyo, benci uku babu kowa, don zance ya shiga gidaje cewa bangon asibiti ba ya riƙe sirri. Malamar ta yafa mayafi ta je gidan telan ta ba da haƙuri. Matar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Ba komai, Malama." Ba ta kuma sake zuwa awo ba. Malamar ta san jinin matar yakan hau, ta san watan da ya kamata a sa mata ido, ga shi watan yana matsowa. Sau da yawa takan so ta ɗora wa dillaliya laifin, sai ta tuna hannun da ya cire makullin, da kuma cewa don tausayi ya cire. Tausayin bai rufe komai ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.