Iyakar Gonar Baffa

Ranar da alƙali ya umarci kamfanin da ya baje filayen Bakolori ya mayar wa manoma gonakinsu, lauyan manoman bai tsaya karɓar barka ba. Shekaru ya yi yana fafatawa da kamfanin. Sun yi masa tayin babbar kujera a Legas ya ƙi, sun yi ta jan shari'ar har wasu shaidunsa suka riga mu gidan gaskiya. Daga kotu ya kama hanyar Birnin Tudu, ya ɗauko baffansa, tsohon da ya raine shi.

A bakin fili suka tarar da mai awon kamfani riƙe da turaku.

"Baba, nuna mini iyakarka in kafa maka," in ji shi.

Tsohon ya dogara sanda ya shiga. Katafila ta shafe kunya da kwari, jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya gaza. Ya yi gabas ya dawo, ya nufi arewa, sannan ya tsaya cik.

"Baffa, mun yi nasara fa," lauyan ya ce a hankali. "Faɗi kawai."

"Na ji, ɗana, Allah shi yi ma albarka. Gonarmu daga tsamiya ta faro, ta tuƙe ga kukar da muka rufe ubanka gindinta." Ya juyo ya dubi lauyan. "Kai da ka yi karatu, duba mani. Ina kukar take?"

Lauyan ya waiga ko'ina. Ko kara ɗaya babu a tsaye.