Wa Zai Koya Musu?

Bayan la'asar Sa'adu ya sami Firdausi a bakin gonar albasar mahaifinta a Goronyo, tana tsinkar ganyen da cuta ta ƙona. Su biyu ne kaɗai a jami'arsu ke koya wa ɗalibai nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta, ga shi kuma an ba shi aiki a ƙasar waje.

"Ina son in turo magabatana, a ɗaura, mu tahi tare," ya ce. "Mi kika gani?"

Ta daɗe tana juya ganyen a hannunta. Maganar da ta jima tana jira ke nan.

"Ɗalibanmu hwa, Malam Sa'adu? Yanzu sunka hwara gane sirrin cutar ga a kwamfuta. In mun tahi duka, wa za ya koya musu?"

"Ke nan kin ƙi ni?"

Ta ɗago ta dube shi. "Tahiya na ƙi, ba kai ba."

Ya juya yana kallon ruwan kogin Rima.

"To, zan turo magabatan hakanan. In na tahi, in san inda zan komo."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ce a'a ba.