Takalmin Yaya Kalilu

Shekara shida Alhaji Musaddiq bai taka Argungu ba, alhali tafiyar awa guda ce daga gidansa na unguwar Gesse. Abu ɗaya yayansa Kalilu ya taɓa roƙonsa: takalmin roba mai dogon wuya, na shiga fadamar shinkafa. Ya ce to, ya manta.

Sai a wani katafaren kanti a Dubai, inda ake karya farashin kayan manya, abin ya faɗo masa. Ya zaɓi takalmin fata ɗan Italiya, wanda ko bayan ragi ya fi kuɗin buhu goma na shinkafa. Ya ji kamar ya wanke laifinsa.

Da ya dawo ya nufi Argungu, ya iske Kalilu a zaure, lulluɓe da zane daga ƙugu. Kalilu ya buɗe kwalin, ya shinshina fatar.

"Ya yi kyau, ƙanena. Amma maida musu guda, su ba ka rabin kuɗinka."

Ya yaye zanen. Ƙafar hagu a gwiwa ta tsaya.

"Maciji ne, cikin fadama, shekara uku ke nan. Mun aika, anka ce ba ka ƙasar."

Musaddiq ya durƙusa da babbar rigarsa, ya sa masa na daman.