Sunan da Bilyaminu Ya Raɗa

Wai a unguwar Bolari ana ta yaɗa cewa Bilyaminu ya zautu, yana tare masu keke yana tambayarsu sunan da zai sa wa 'yarsa. Sharri ne, mai shayi kaɗai ya tambaya!

Gobe suna, matarsa Iklima tana jego a gidan iyayenta a unguwar Madaki. Mahaifiyarsa, Hajiya Hauwa, ta sa rai da takwara. Dangin Iklima kuwa har sun buga Batul, sunan mahaifiyarta, a jikin robobin da za a raba.

Bilyaminu ya zauna bakin gado yana murza hula. Iklima ta kafe shi da ido.

"Abban bebi, Hauwa ko Batul? Da wanne ka yi mata huɗuba?"

"Ai... babu ko ɗaya."

Ta shiga tambayar kanta. To wace ce? Tsohuwar budurwarsa?

"A asibiti aka miƙo min ita, ke ba ki farfaɗo ba," ya ce. "Da na kai baki kunnenta, duk sunayen duniya suka ɓace min. Naki kawai ya fito."

Ta rasa kuka za ta yi ko ta jefe shi da filo.

Ɗan baffanta Rabe, da ke laɓe bakin ƙofa, ya fashe da dariya. "To wa zai gaya wa tsofaffin? Sai an kira 'yan kwana-kwana!"

Iklima ta ƙara rungume jaririyar. "Kai za ka gaya musu, sarkin laɓe. Suna kuwa ya zauna. Ranar da ka samu mai sonka, ka zaɓi naka."