Buhu Mai Hannuwa

Kowa a filin atisaye jefa buhun yashinsa yake yi ta saman katanga, sannan ya hau. Ban da Mai Ɗinki. Ita da nata a goye take hawa, tana nishi, gwiwoyinta suna gurzar katako, sannan ta sauka a hankali kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai.

"Malama, yashi ne fa," in ji Koci. "Wurga shi, ba zai yi kuka ba."

Aka kwashe da dariya, don a filin nan in Koci ya yi barkwanci, dariya dole ce.

Koci mutum ne mai sayen riga ƙarama da gangan don damtse ya fito. Usur ɗinsa ya fi ƙafarsa aiki. Shi ke horar da masu shiga tseren juriya na shekara-shekara, kilomita goma sha biyar na taɓo da igiya da rarrafe ƙarƙashin waya, sai katanga mai ƙafa goma sha biyu a ƙarshe. Mutum bibbiyu ake shiga, tare za ku tashi, tare za ku ƙarasa.

Jarinsa a duniya labari ɗaya ne. Shekara huɗu da suka wuce, wai yana saman katangar nan riƙe da abokin tserensa, abokin ya tsorata ya fizge hannunsa ya faɗi, daga baya kunya ta kore shi daga gari. Koci ya ƙarasa shi kaɗai yana sharɓar kuka gaban kyamara. A ofishinsa akwai hoton ranar, an yanke rabinsa da almakashi, sai hannun wani da ya rage a kafaɗarsa, ƙaramin yatsan guntu ne. Kullum labarin ƙara ƙiba yake a bakinsa. Bana ma wani kamfanin takalma ya yi alkawarin sa fuskarsa a allunan talla, da rubutu a ƙasa: Ba ya barin kowa a baya. Ranar tsere za a sa hannu a yarjejeniyar, kuma Koci ya riga ya gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi.

Mai Ɗinki kuwa ba ta cikin lissafinsa. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, bayanta ya ɗan rankwafa saboda zaman keken ɗinki. Wata bakwai kenan tana zuwa da safe kafin ta buɗe shago. Buhunta ma abin dariya ne, ta ɗinka masa dogayen maɗauri biyu masu kama da hannuwa, tana sarƙe su a wuyanta. A ramin taɓo sai ta ɗaga saman buhun kada ya nutse, ita kuwa taɓon har haɓa. Wasu sun ce sun ji tana ce masa, "Mun kusa."

Duk ranar farko ta wata takan ɗora shi a sikelin Koci. Da kilo hamsin da takwas ta fara. Wata na uku ta kwance bakin buhun ta rage biyu. Wata na shida ta sake rage uku, ta daɗe tana kallon yashin da ta zubar.

"An fara sarewa kenan," Koci ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Nan da ranar tsere sai ki zo da jakar hannu. Wai ma waye abokin naki? Ko shi ma ɗinka shi za ki yi?"

"Yana gida," ta ce. "Zai zo."

Har ofishin masu shirya tsere Koci ya je, ya ce a cire ta kada ta zubar wa filinsa mutunci. Suka ce ta cika takarda, ta kawo ta likita, ta kuma nemi wani izini na musamman an ba ta. Bai tambayi izinin mene ne ba. Koci ba ya tambayar abin da ba a kansa yake ba.

Ranar tsere da hantsi ya tsaya a bakin layi, ya shafa mai har yana ƙyalli. Mutanen kamfani suka kafa kyamara, takarda da biro suna kan tebur, suka miƙa masa makirufo ya sake ba da labarin. Ya gyara murya. Ya kai daidai wurin da yakan sa hannu a ƙirji, sai taro ya dare biyu.

Mai Ɗinki ce, babu buhu, tana turo keken guragu. Wani ramammen mutum ne a ciki, da lambar tsere a ƙirjinsa. Ta taka burki dab da kyamara, ta durƙusa ta ba shi baya.

"Kama ni, Yaya."

Ya sarƙe hannuwansa a wuyanta, daidai inda maɗauran buhun nan suka sa fatarta ta yi kanta. Ta miƙe ba ko tangaɗi. Makirufo yana nan a buɗe a hannun Koci.

"Ci gaba mana, Koci," in ji mutumin, muryarsa ta fita ta lasifika har ƙarshen fili. "Ka tsaya a inda na fizge hannuna. Ni dai bana na zo da wadda ba ta sakin mutum don ta rage minti biyu."

Mai kyamara ya juya ya matso da hoto kan hannun da ke kafaɗar Mai Ɗinki, kuma ƙaramin yatsansa guntu ne.