Bugu da Bayan Takobi

Rai biyu kacal ya rage wa jarumin Lurwanu, ga shugaban ɓarayi tsaye a kan gada da kulki a hannu.

Gadar ta alli ce. Tijjani, direban motar siminti, shi ya zana ta a kan teburin wasan da su Lurwanu suke kewayewa kowace Lahadi bayan la'asar, a wata rumfa kusa da tashar Malbaza. Shi ne mai labari: ya faɗi abin da ya faru, kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama. Tijjani kuwa ba ya da sassauci. Wanda jaruminsa ya mutu, a kan idonsa ake yage takardar da aka rubuta jarumin a kanta.

Shekara biyu Lurwanu yana renon jarumin nan, kuma wasan ya riga ya jawo masa abin da ya fi ƙarfinsa. Mako uku ke nan yana jiran amsar neman aure daga garin Dogarawa, gidan su Sakina, domin wani mai dogon baki ya kai wa mahaifinta, Malam Abarshi, labarin cewa mai neman 'yarsa ɗan caca ne. Sau ɗaya Lurwanu ya taɓa zuwa gaishe shi. Ya durƙusa a zaure, kunya ta danne masa wuya, bai ga komai ba sai tabarma da wasu shuɗɗan takalman roba masu ɗinkin jan zare, har aka sallame shi da gyaran murya. Tun daga ranar abinci ba ya yi masa daɗi.

Yau wanda ya saba riƙe takardar ɓarawon bai zo ba, sai Tijjani ya shigo da wani dattijo mai rawani har hanci, ya ce fasinja ne, yana jiran motar Konni. Aka miƙa masa takardar don kada kujera ta zauna banza. Cikin rabin awa tsohon ya haddace dokoki, ya kumbura murya, ya kwashe awakin ƙauye kaf, ya sumar da jarumin Sharifu tela, sannan ya juyo kan Lurwanu.

Sharifu ya ce a sare shi kawai a huta. Yana da hujja. A dokar wasan, sara na kisa goma sha ɗaya yake nema a jifar ɗan lido. Mai son kama abokin gaba da rai kuwa sai ya faɗa tun kafin jifa, ya buga da bayan takobi, kuma sai ya ci goma sha biyar. In ya kuskure, kulki na nan tafe, rai biyu kuma ba sa tare kulki.

Lurwanu ya dubi yadda tsohon ya riƙe takardarsa da hannu bibbiyu.

"Baƙo ne, yau ya hwara," in ji shi. "Ba ni bari a yage mishi takarda. Da bayan takobi nika bugu."

Ɗan lido ya gangara, ya bugi kofin shayi, ya tsaya a kan goma sha shida.

Nan fa nasara ta hau wa Lurwanu kai. Ya ce a ɗaure ɓarawon da igiyar guga, a cusa masa ƙyalle a baki, a aza shi a kan jaki yana kallon wutsiya, a zagaya kasuwa da shi. Ya kaɗa wa tsohon yatsa a fuska, ya ce gobe ma ya sake satar awaki. Tijjani ya yi ta tari yana zare ido, amma wa ya kula?

Dattijon ya ajiye takardarsa lafiya lau, ya miƙe, ya gyara murya.

"Na gani da idona, babu caca nan, kuma yaron ga ba ya da mugunta," ya ce wa Tijjani. "Ran Jumma'a ina gida. Amma ƙyallen nan na baki, bai zan dole ba."

Lurwanu ya tuntsire da dariya har gwiwar hannunsa ta ture ɗan lidon ƙasa. Ya sunkuya ya bi shi ƙarƙashin tebur, ya iske shi kwance a tsakanin wasu shuɗɗan takalman roba masu ɗinkin jan zare.