Jinkar Ɗakin Addu'a

Filibus, ka ce za ka ware wurin addu'a a gidanka, kuma ba ka son iyalinka su sani sai ka gama. Madalla, na ji daɗi har cikin raina. Amma matso da kujerarka ka ji na wani manomi.

Gidansa cike yake maƙil. Maiɗakinsa na daka tun asuba, jikoki na guje-guje, awaki na kuka. Da ya durƙusa ya ce "Ya Ubangiji", sai wani ya leƙo yana tambayar igiyar guga. Ran da akuya ta cinye masa rabin littafin waƙoƙi, ya ce abin ya ishe shi haka. Ya zaɓi wuri bayan rumbu, ya kwaɓa ƙasa, ya kama gini shi kaɗai, zumuɗi kamar ya tashi sama. Matar ta kawo ruwan kwaɓi, ya ce ta mayar. 'Ya'yansa suka naɗe hannun riga, ya kore su, wai masu hayaniya ba su da hannu a ɗakin shiru. Bango ya tashi sumul. Ya ɗaura jinka a ƙasa, ya baibaye ta da shuci tsaf, yana aiki yana waƙar yabo. Kwatsam sai ga hadarin farko ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ga bango bai gama bushewa ba. In ruwa ya same shi a buɗe, wahalarsa duka ta koma taɓo. Gogan naka ya cicciɓi jinka ta nan, ta kafe ta can. Ya sa kafaɗa, ya sa kai, ya yi nishi, ko gezau. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta hana shi kira.

Ashe matar na kallo ta jikin danga. Sai ta ƙwala kira. Kafin ka ce kwabo gida ya fito kaf, 'ya'ya da surukai da jikoki, har maƙwabcinsa Musulmi ya rugo bai ko ajiye butarsa ba. Suka kewaye jinka, wannan na cewa a ɗaga, wancan na cewa a karkato, iska na kaɗa riguna, ƙura na shiga ido. Jinka ta tashi, ta yi tangaɗi, ta zauna daram bisa bango, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka shiga tsalle cikin ruwa. Bai taɓa jin hayaniyar da ta yi masa daɗi haka ba.

Washegari ya shiga ya durƙusa. Tsit. Shirun ya yi yawa har ya tsargu, ya leƙo. An mirgina turmi can ƙofar gida, an ɗaure awaki nesa, matar kuma ta tare jikoki tana nuna musu jinka, tana raɗa: "Mu muka ɗora ta. Ku bar shi ya gana da Ubangijinsa." Ya koma ciki da ƙwalla, ya fara addu'a da sunayen waɗanda ya kora.

To, Filibus, tashi ka je ka shaida wa maiɗakinka tun yau. Bango kai za ka gina, amma shirun da kake nema yana hannun mutanen gidanka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.